Inda Bututu Ya Ɗago Kai

A Agege in ka haƙa ƙasa zuwa gwiwa
ruwa ne zai fara yi maka barka da zuwa.
Kamu goma sha tara na binne jiya,
bututun roba, waya kwance a cikinsa,
daga ɗakin janareta zuwa shagon ƙanƙarar Iya Risikatu.
Ba shi ne aikin ba.
Abin da ke ƙasa, ƙasa ta riƙe amana.

Aikin ga shi nan, taƙi biyu,
gindin bango, dab da kwata,
inda bututu ya ɗago kai
ya wage baki yana kallon sama
kamar ɗan tsuntsu mai jiran uwa.
Sama kuwa a Ikko ba ta rowa.

Iya ta ce, Malam, ba ka gama ba?
Wuta ta kawo, firji na gurnani,
kuɗin me za ka ci a kan ɗan wannan?
Na ce, Iya, hadari ya haɗo ta Ikeja.
Ta ce, kullum ma haɗowa yake.

Oga Lamidi, wanda ya koya mini riƙon filaya,
yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa.
Bai taɓa ba ni labarinsu ba.
Cewa dai ya yi, ruwa ba ya fasa ƙofa,
baƙo ne mai haƙuri,
da ɗigo ɗaya yake sallama,
wata rana ka tarar shi ne mai gida.

To, na yanko guntun ƙarfe na zura wa robar riga,
don rana tana gasa roba har ta tsage,
ɗan acaɓa kuma ba ya duban ƙasa in zai juya.
Na haɗa gwiwa biyu, na lanƙwasa masa wuya
har bakin ya sunkuya
kamar agwagwa mai kiwo a kwata.
Wayar na sassauta mata, ta ɗan yi ciki
kafin ta hau,
ɗigon da ya biyo ta
ya iso gangare, ya rasa tsani, ya faɗi.
Sai danƙo. Na cusa da babban yatsa,
na zagaya, na sake zagayawa.
Ban bar wa tururuwa ƙofa ba,
ban bar wa kyankyaso ɗakin haya ba,
balle iskar gishirin nan mai tasowa daga teku
da ke lasar ƙarfe har ya yi ja.
Siminti rabin kwano,
na yi wa gindin kafaɗa mai zubar da ruwa.

Ni ma haka na fito.
Shekara sha ɗaya ke nan, daga tirelar shanu a Oko-Oba,
kwana biyu a duhu tsakanin ƙahoni,
na diro baki buɗe ina kallon gadoji.
Me bai faɗa ciki ba a watan farko?
Wayata ta tafi, takalmina ya bi ta.
Sai da na koyi sunkuyar da kai
sannan garin ya fara zuba ta gefena.

La'asar ruwa ya kece.
Kwata ta cika ta tumbatsa,
ledoji na iyo, danfo na tari a bakin titi.
Na fake a rumfar mai faci ina kallo.
Jikan Iya, ɗan shekara huɗu, ba takalmi,
ya fito yana tsalle a cikin ruwan,
ya dafa bangon nan,
ya dafa wuyan bututun da hannu jiƙe,
ya yi dariya, ya wuce.

Babu abin da ya faru.
Abin da nake sayarwa ke nan,
ba ya hawa sikeli, ba a ganinsa a mita.

Iya ta zaftare ɗari biyar a kuɗina,
ta miƙo mini ƙanƙara ɗaya a leda.
Na karɓa.
Har yanzu akwai danƙo a ƙarƙashin farcena.